Wayar Salula a Hannun Ɗalibai

Hukumomin jarrabawa na WAEC, NECO da JAMB sun haramta shiga ɗakin jarrabawa da wayar salula, kuma ana iya soke sakamakon duk wanda aka kama da ita. A aji kuwa, takan ɗauke hankalin ɗalibi daga darasi. Saboda haka ne Faransa ta hana amfani da ita a makarantun firamare da ƙananan sakandare a shekarar 2018.

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, batun ya shafi tsaro. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga sun sace ɗalibai fiye da 300 a Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Don haka, makarantar da ta hana waya, ya kamata shugabanta ya ba iyaye lambar da za su riƙa jin labarin 'ya'yansu.