Daga taso ungozoma zuwa kwanan kol

Kafin asibiti ya zo birnin Katsina, mai magani ba ya kwana zaune yana jiran majinyaci. In haihuwa ta zo da tsakar dare a Rafindadi ko Gambarawa, yaro ake turawa da fitila ya taso ungozoma. Ta zo ta yanke cibiya, ta wanke jariri, ta koma shimfiɗarta. Mai karaya ya jira maɗori, mai son ƙaho ya jira wanzami, duk sai gari ya waye.

Mata kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. Wadda naƙuda ta yi wa gardama takan kwana biyu ko uku a durƙushe, babu mai yi mata tiyata. In ta rayu, sau da yawa da yoyon fitsari take tashi. Irin waɗannan matan ne Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya fara yi wa aiki a 1984 a Babbar Ruga, tsohon asibitin kutare da ke wajen gari. Duk wanda ya ga yawan matan da suka bi ta wurin ba zai tambayi amfanin likitan dare ba.

Asibiti ne ya kawo dutin dare, ya kuma kawo abin da likitoci ke kira kol. Mai kol yakan yi aikin yini cur, ya kwana tsakanin sashen gaggawa da ɗakin haihuwa, washegari kuma a yi zagayen majinyata da shi. Haka sababbin likitoci ke yi a shekararsu ta farko, har a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Katsina a 1998, wadda yanzu ta zama asibitin koyarwa.

Al'adar baƙuwa ce. A asibitin Johns Hopkins na Amurka, da aka buɗe a 1889, a cikin ginin likitoci masu koyon ƙwarewa suke zaune, dare da rana. An daɗe ana ɗaukar jure rashin barci jarunta, sai a watan Maris na 1984 wata budurwa 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibitin New York a hannun matasan likitoci masu dogon duti. Mahaifinta ya ƙi yin shiru. A 1989 jihar New York ta taƙaita aikinsu zuwa awa 80 a mako, a 2003 ƙa'idar ta game ƙasar. Tarayyar Turai ta tsaya a awa 48.

Dalilin taƙaitawar a jikin ɗan Adam yake. Tsakanin ƙarfe uku da biyar na asuba hankali ya fi dushewa, kuma wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu yana kuskure kamar wanda ya ɗan taɓa barasa.

Likitan Katsina yana da nasa dabarun: shayi mai kauri a bakin ƙofar asibiti, ɓarin goro a aljihu. Masu nazarin barci sun ƙara da a yi ƙailula kafin a kama aiki, a runtsa na minti 20 idan ɗaki ya lafa, a bar shayi da goro in asuba ta gabato, kada kuma mai gyangyaɗi ya tuƙa kansa gida. Shawara ce mai kyau, ta kuma cancanci a koyar da ita tun a makaranta. Amma yaya barcin rana zai yiwu a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, babu wuta, ga gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure suna jira?

Runtsawar ma sai da wanda zai riƙe wa mutum majinyata. Abokan aiki da dama sun tafi Saudiyya da Ingila, kol ɗinsu ya dawo kan waɗanda suka rage. A watan Agusta da Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara, iyaye sun baza tabarmi har baranda, likita ɗaya kan duba yaro mai jijjiga, a kira shi ga mai neman ƙarin jini, bai kai ga zama ba ladan ya kira assalatu.