Jar Fatarmu Da Sunan Wasu

Tun ina yaro nake ganin gafakar Alƙur'anin kakana rataye a zaure, ja wur, mai laushi, ba ta taɓa tsagewa ba. Sai da na zo jami'a na gane cewa irin wannan fata ce Turawa suka daɗe suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita, suna kiranta fatar Maroko.

Asalinta daga jar akuyar Sakkwato ne, wadda a Nijar ake ce wa jar akuyar Maraɗi. Majemi yakan jiƙa fatar cikin ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare, ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. In ta jemu sai a shafe ta da man gyaɗa, a rine ta da karan dafi da kanwa. Daga nan sai hannun dukawa, su ɗinka takalma da layu da kube da kayan doki.

Wannan sana'a ba ta jiya ba ce. Littafin Leo Africanus, wanda aka buga a 1550, ya ambaci takalman Gobir da ake kaiwa Tambutu. Barth kuma, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana fitar da takalma da jemammun fatu zuwa Arewacin Afirka. Ayarin raƙuma kan bi ta Gat da Gadamas zuwa bakin teku. Gaskiya ne mutanen Maroko su ma suna jima, amma tamu da ta isa Turai ta hannun fataken can, sai ta shiga cikin sunan tasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

To, amma kada mu ɗora wa baƙo laifin duka. Mu ma a gida majemi ba ya samun girman da ya kamata, wai don warin sana'arsa. Ga shi masana'antu sun koma jima da sinadari, tsofaffin da suka san sirrin bagaruwa kuwa suna ƙarewa.

'Yan'uwana ɗalibai, in hutu ya zo mu ɗauki alƙalami mu nufi majemar garinmu, mu durƙusa mu yi tambaya. Wanda bai rubuta tarihinsa ba, wani zai sa masa suna. Allah Ya sa mu farga.