Taimako ko Ladan Gadi? Tarayyar Turai da Nijar daga 2015 zuwa 2024

A farkon watan Yulin 2023 babban jami'in harkokin wajen Tarayyar Turai, Josep Borrell, yana Yamai tare da Shugaba Bazoum Mohamed wajen bikin buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta Gorou Banda. Ran 26 ga watan sojoji suka tsare Bazoum, ran 29 kuma Borrell ɗin da kansa ya sanar da dakatar da tallafin kasafin kuɗi da duk wata hulɗar tsaro. Masu sharhi da yawa suna ɗaukar wannan wata a matsayin lokacin da dangantakar ta karye. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ta tsage tun shekara takwas kafin nan, lokacin da aka fara auna taimakon raya ƙasa da yawan baƙin hauren da Nijar ta iya tarewa.

Hulɗar daɗaɗɗa ce. Daga yarjejeniyar Yawunde ta 1963 aka koma ta Lome a 1975, sannan ta Kotonu a 2000, kuɗin kuma sun riƙa fitowa ne daga Asusun Turai na Raya Ƙasashe, wanda ma'aikatan gwamnati a Yamai suka fi sani da FED. A zangon 2014 zuwa 2020 rabon Nijar ya kai yuro miliyan 596. Sharaɗi ma ba baƙo ba ne a wannan hulɗa. Da Tandja Mamadou ya yi tazarce a 2009 Turai ta janye hannu, ba ta dawo sosai ba sai bayan zaɓen 2011. Sai dai wancan sharaɗi a rubuce yake cikin yarjejeniya, kowane ɓangare ya san shi, kuma ya shafi yadda ake mulkin ƴan Nijar ne. Wanda ya biyo baya ya shafi damuwar masu zaɓe a Italiya da Jamus.

A ranar 26 ga Mayun 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, wadda ta tanadi ɗaurin shekara biyar zuwa goma. Ta yi sama da shekara tana kwance. A tsakanin nan aka yi taron Valletta a Malta cikin Nuwamban 2015, inda Turai ta buɗe asusun gaggawa don Afirka, kuma a Mayun 2016 ministan harkokin wajen Nijar ya ce ƙasarsa na buƙatar yuro biliyan ɗaya don aikin tare baƙin haure. Ke nan ciniki ne da ɓangarorin biyu suka shiga ido buɗe, gwamnatin Issoufou Mahamadou ba a ja ta da igiya ba. Daga tsakiyar 2016, Bazoum yana ministan cikin gida, aka shiga kama direbobi da ƙwace motoci a Agadas. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wanda bai san Agadas ta wancan lokaci ba, zai yi wuya ya gane abin da aka rushe. Kowace Litinin ayari ke tashi zuwa Dirku da rakiyar sojoji, a fili, kowa na gani. Hilux ɗaya kan ɗauki mutum ashirin da wani abu, suna zaune a gefen bodi ƙafafu na lilo, kowa ya rungumi sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo idan barci ya kwashe shi. Kafin a tashi sai an sayi jarkar ruwa da aka naɗe da buhu, da rawani, da tabarau na ƙura. Mai gidan saukar baƙi, ɗan kamasho, mai abinci, bakanike, mai canjin kuɗi, kowa da abin da yake samu. Da yawa daga direbobin tsofaffin ƴan tawaye ne ko jagororin ƴan yawon buɗe ido da sana'arsu ta mutu bayan tawayen 2007. Shirin da Turai ta ba da kuɗinsa don sauya musu sana'a ya yi alkawarin jarin sefa miliyan ɗaya da rabi ga mutum. Dubbai aka rubuta, ƴan ɗaruruwa suka samu a zagayen farko.

Akwai kuma saɓani na shari'a. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta 1979 ta ba ɗan Najeriya ko ɗan Gambiya damar shiga Nijar ba biza. Amma yadda aka aiwatar da dokar, duk wanda ya ɗauke shi ya yi arewa da Agadas ya zama abin zargi, alhali fasinja da direba duk suna cikin ƙasar Nijar. Wata ƙungiyar yanki ta biya kuɗi aka taƙaita haƙƙin da wata ƙungiyar yanki ta bayar.

Masu kare dokar suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance a jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Ƙasar da ta ga wannan tana da dalilin kanta na sa ido kan masu wannan jigila. Alƙaluman hukumar ƙaura ta duniya, OIM, ma sun nuna raguwa, daga sama da mutum 300,000 da suka nufi arewa a 2016 zuwa ƙasa da 70,000 a 2017. To amma ana ƙirgar ne a kan hanyar da aka sani. Direban da ke tsoron kamu yakan kauce wa rijiyoyi da shingayen jami'ai, ya bi inda ba mai ganinsa, idan kuma ya hango sintiri ya zubar da fasinja ya tsere. Da ceton rai ne gaba a tsarin, da an fara da rijista da rakiya da rijiyoyi.

Watanni huɗu bayan juyin mulki sun isa a ga abin da ya kafu da abin da aka jingina kawai. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023 bisa takunkumin CEDEAO, wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, Yamai ta shiga duhu. A Nuwamba tashar Gorou Banda mai megawat 30, wadda hukumar raya ƙasashe ta Faransa da Tarayyar Turai suka zuba wa kuɗi, ta fara ba da wuta a hannun kamfanin Nigelec. Ba wanda ya ce a tumɓuke ta don kuɗin Turawa ne. A cikin watan nan dai shugaban mulkin soja Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar 2015-36, ran 4 ga Disamba kuma aka soke yarjejeniyar aikin tawagar Tarayyar Turai ta EUCAP Sahel, wadda ta riƙa horar da jami'an tsaron cikin gida tun 2012. Abin da mutanen ƙasa ke buƙata ya tsaya da ƙafarsa, abin da aka biya su su riƙe wa wani kuwa sa hannu ɗaya ya isa ya kawar da shi.

Wannan ba yabon mahukuntan soja ba ne. Soke dokar ya mayar wa Agadas da kasuwarta, amma bai rage komai daga abin da ke jiran matafiyi a Libiya ba, bai kuma cike giɓin baitulmali ba. A Oktoban 2023 an zaftare kasafin shekarar da kashi 40 cikin ɗari, daga sefa biliyan 3,291 zuwa 1,981, sakamakon takunkumi da janyewar masu ba da tallafi gaba ɗaya. Tallafin kasafi kai tsaye yana da amfaninsa, domin gwamnati ce ke tsara inda kuɗi za su, amma ranar da aka rufe shi ba janar ne ke fara ji a jikinsa ba. Malamin kwantiragi ne, da ɗalibin da ke karatu a ajin zana.

Ko agajin gaggawa, wanda Turai ba ta dakatar ba, bai tsira ba. Bayan ambaliyar 2024, wadda ta kashe sama da mutum 300 ta kuma shafi fiye da miliyan ɗaya, gwamnati ta zargi jakadan Tarayyar a Yamai da raba yuro miliyan 1.3 ga ƙungiyoyin agaji ba tare da shawara da ita ba. Tarayyar ta musanta zargin, ta kira jakadanta gida a watan Nuwamba. Kuɗin ba su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na yuro miliyan 503 da aka ware wa Nijar na 2021 zuwa 2024 ba, amma a kansu aka yi rigimar da ta bar kujerar jakada ba kowa, domin ɓangarorin biyu sun kai inda ba su yarda da juna ba ko a kan wanda zai miƙa wa mai ambaliya buhun shinkafa.