Daga Rusairis zuwa Gojam: Rayuwar Soja a Yaƙin Habasha, 1941

A watan Yulin 1940 sojojin Italiya suka ƙetaro daga Habasha da Eritriya suka kama Kasala da Galabat da Kurmuk. Rusairis, da ke bakin Shuɗin Nilu arewa da Kurmuk, ta wayi gari a bakin daga. A wannan kogi ne Hausawa da Fulani suka kafa ƙauyukansu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka da jama'arsa kusa da Sinnar. Noma da su da tsinkar auduga a gonakin Jazira su ne abin dogaronsu.

Daga wannan yanki bataliyar kan iyaka ta rundunar tsaron Sudan ta nufi Dutsen Belaya. Ita ce ƙashin bayan ƙaramar rundunar Orde Wingate, wadda ta raka Sarki Haile Selassie sa'ad da ya taka ƙasarsa ranar 20 ga Janairu, 1941.

Harbi kaɗan ne a cikin yinin sojan. Yawancinsa hidimar raƙuma ce. Fiye da raƙuma 15,000 aka tara don ɗaukar harsashi da dawa da ruwa, kuma kafin gari ya waye an tashi ɗaurin kaya. Ana sarar hanya cikin daji, rana na dukan ka, da dare kuma sanyin tsauni ya shiga ƙashi. Raƙumin rairayi bai san hawan dutse ba, bai san ciyawar wurin ba, don haka suka yi ta faɗuwa, har na baya kan bi sawun na gaba da warin mushe. Raƙumi ya faɗi, kayansa sun koma kan wani, ko kan mutum.

Amma lissafin da ke zuciyar sojan na gida ne. Janairu zuwa Afrilu lokacin tsinkar auduga ne a Jazira, lokacin da magidanci ke samun kuɗin tufa da na sukari da shayi. Wa ya tsaya a madadinsa bana? Rumbun zai kai damina? Wanda bai iya rubutu ba sai ya nemi mai ilimi a cikin ayari ya rubuta masa wasiƙa, sa'an nan ya jira mai komawa yamma, wanda ba kullum ake samu ba.

Ranar 5 ga Mayu, 1941 Haile Selassie ya shiga Addis Ababa, raƙuman da suka kai can kuwa 'yan ƙalilan ne. A daidai lokacin hadari ya fara haɗuwa a kan Rusairis, mata da tsofaffi na sharar gona, suna jiran ruwan shuka.