Tuƙin jirgin sama daga cikin ɗaki

Na'urar kwaikwayon tuƙin jirgin sama wata dabara ce da ke ba mutum damar tashi da jirgi da sauka da shi yana zaune a wuri guda. A da, sojoji da manyan kamfanonin jirage ne suka fi mallakar irinta, to amma yanzu mutane da dama suna haɗa tasu a gida, da kwamfuta da 'yan kayan aiki kaɗan.

Asali

A shekarar 1929 ne wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙi a garin Binghamton na jihar New York, inda ya yi amfani da zugazugai daga masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa domin su riƙa karkata akwatin. Da farko wuraren wasanni ne suka fi saye. Sai a 1934, bayan da matuƙan sojan Amurka da dama suka halaka a aikin jigilar wasiƙu cikin mummunan yanayi, rundunar ta sayi guda shida. A lokacin yaƙin duniya na biyu an horar da matuƙa fiye da dubu 500 a cikin wannan akwati.

Shigowar abin cikin gidaje kuwa ta biyo bayan aikin Bruce Artwick, wanda ya rubuta manhajar da kamfanin Microsoft ya fitar a 1982 da sunan Flight Simulator. Shekaru da dama, duk wanda ya kunna ta yakan tsinci kansa a filin Meigs da ke bakin tafki a birnin Chicago. A watan Maris na 2003 magajin garin, Richard Daley, ya tura motocin rusau cikin dare suka farfasa titin jirgin, lamarin da ya ɓata ran dubban mutanen da ba su taɓa taka filin da ƙafarsu ba.

Microsoft ya rufe sashen da ke wannan aiki a 2009, sannan ya dawo a 2020 tare da kamfanin Asobo na Faransa. Sabuwar manhajar tana ɗauko hotunan tauraron ɗan Adam ta intanet, tana kuma ƙunshe da filayen jirgi kimanin dubu 37. Wata ta biyo bayanta a Nuwamban 2024. Babbar kishiyarta ita ce X-Plane, wadda ta fito a 1995, kuma take lissafa yadda iska ke bugun kowane yanki na fiffike. Akwai kuma FlightGear, wadda kyauta ce.

Kayan aiki

Bayan kwamfuta mai ƙarfin sarrafa hoto, abu na farko shi ne sitiyari ko sandar tuƙi. Jiragen Boeing da ƙananan jiragen Cessna sitiyari gare su, yayin da na Airbus ke da sanda a gefen matuƙi, saboda haka jirgin da mutum ke son koyo shi ke nuna abin da zai saya. Daga nan sai totur, sai kuma matakan ƙafa guda biyu da ke juya jelar jirgi. Waɗannan matakai su ne masu farawa suka fi yi wa rowar kuɗi, alhali idan babu su ba za a koyi sauka cikin iskar da ke kaɗowa daga gefe ba.

Kafin tashin farko wajibi ne a daidaita kayan a cikin manhajar, domin ta san tsakiyar sitiyari da iyakarsa. Kazalika, gwamma a rage kyawun hoto da a bar shi yana sarƙewa, tun da tsaikon rabin daƙiƙa a dab da ƙasa ya isa ya ɓata sauka.

Tashi da sauka

Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da babban jirgin fasinja. Makarantun koyon tuƙi da ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya suke farawa, galibi Cessna 172, kuma a gida ma haka ya fi dacewa.

Lambar da ke rubuce a bakin titin jirgi alƙiblarsa take nunawa. Titi mai lamba 06 a filin jirgin Malam Aminu Kano, alal misali, yana fuskantar arewa maso gabas ne, wato digiri 60, kuma idan aka zo ta ɗaya bakin sai ya zama 24. Ana zaɓar bakin da zai sa jirgi ya fuskanci iska.

Da an buɗe totur, juyawar farfela takan ja jirgin zuwa hagu, don haka sai a danna matakin dama. Idan gudu ya kai kilomita 100 a awa, sai a jawo sitiyari a hankali. Tashi ke nan, kuma ba shi da wuya.

Sauka ita ce jarrabawa. Ana tunkarar titi da gudun kilomita 120 a awa, kuma a wannan mataki hancin jirgi ne ke daidaita gudu, totur kuma ke daidaita saurin gangarowa, saɓanin abin da direban mota ya saba da shi. Wanda ya ga ya yi ƙasa da yawa ya ja sitiyari ba tare da ƙara totur ba, gudunsa zai ragu har fikafikai su daina ɗaukar jirgin. Idan an iso dab da titi sai a rufe totur, a ɗaga hanci kaɗan, a bari tayoyin baya su fara taɓa ƙasa. Idan kuwa saukar ba ta daidaita ba, ƙa'ida ita ce a sake tashi a kewayo.

Masu son ƙarin gaskiya sukan shiga VATSIM, wata ƙungiya da aka kafa a 2001, inda 'yan sa kai ke zama jami'an hasumiya suna ba da umarni da murya, bisa ƙa'idojin zirga-zirgar jirage na zahiri.

Iyakarta

Malaman tuƙi sun yarda cewa na'urar gida tana taimakawa wajen karanta agogunan jirgi da bin taswira da magana a rediyo. Sai dai kuma suna kukan cewa ɗaliban da suka saba da ita sukan ƙura wa agogunan ido maimakon su duba waje, kuma jikinsu bai san nauyin sitiyari ko girgizar iska ba.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ba ta ƙirga awannin da aka yi a kwamfutar gida. Ko a na'urar da ta amince da ita a matakin farko, awa biyu da rabi kawai take karɓa daga cikin awa 40 da ake buƙata kafin samun lasisin farko. Manyan na'urorin kamfanonin jirage, masu motsi a kan ƙafafu shida, su ne ake yarda ƙwararren matuƙi ya koyi sabon samfurin jirgi a cikinsu, har ya zamana tashinsa na farko da jirgin na gaske da fasinjoji ne a ciki, malami na zaune a gefensa.