Tsohon Keken Ƙarfe a Ƙasar Rano da Kibiya: Tarihinsa da Yadda Ake Gane Na Kwance



Da aka liƙa sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni ya ce, "Haba Malam, duk tarihin Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, wadda aka haɗa ta da Kano a sarautar baba da rini, ba ka ga abin magana ba sai keke?" Na ce masa tarihin sarauta yana da masu tsaronsa, ga fada, ga maroƙa, ga marubuta. Shi kuwa keke ba shi da kowa sai mai faci, ga kuma 'yan gwangwan suna bi gida gida suna ɗora shi a sikeli. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa yau shi ne, tsohon keke takarda ce da ake iya karantawa, kuma manomin da ya tsuguna a kasuwar Rano yana ƙwanƙwasa shi kafin ya biya, aikin da muke koya wa ɗalibai yake yi, watau tantance shaida.

Tun da harshe ne sana'ata, bari in fara da suna. Muna kiransa keke, muna kiransa basukur, dattawa kuma suna cewa laulawa. Basukur daga Turanci aka aro ta. Keke kuwa masana sun fi karkata ga cewa daga Yarbanci ta zo, abin da ke nuna cewa ta hanyar Ikko abin ya iso mana. Kalmar ta yi 'ya'ya a bakinmu, har muka sami keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu. Duk kalmar da ta hayayyafa haka, to, abin da take nufi ya shiga rayuwar jama'a ƙwarai.

Keken da muka sani, mai ƙafa biyu daidai wa daida da sarƙa a baya, a birnin Coventry na Ingila John Kemp Starley ya fito da shi cikin 1885. Cikin 1888 John Dunlop ya ƙago tayar da ake hura wa iska. A wannan shekarar ta 1888 kuma, wani mai kuɗi, Frank Bowden, ya sa jari a wata 'yar rumfar ƙera kekuna a titin Raleigh na birnin Nottingham, daga sunan titin nan kuwa kamfanin ya sami nasa. Mu abin da ya haɗa mu da su shi ne jirgin ƙasa da gyaɗa. Dogo ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya barke cikin 1912, sa'an nan kantunan Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant da CFAO, da UAC wadda aka kafa cikin 1929, suka zama suna sayen gyaɗa da hannun dama, suna sayar da yadi da kwano da keke da hannun hagu. Kuɗin da manomi ya karɓa a sikeli sau da yawa bai kwana a gidansa ba.

Da fari ma'aikatan En'e ne mahayansa a ƙauyuka: malamin haraji, malamin gona, duba-gari, masinja. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da gyaɗa ta yi daraja, sai ya gangaro hannun manoma da 'yan koli. Wanda ya san kudancin Kano ya san dalili. Ƙasa ce ta duwatsu da marmara da rafuka, damina kuwa tana da ƙarfi, in ruwa ya sauka mota sai ta haƙura da hanyoyi da yawa. Doki yana son dawa da harawa da kanwa da mai kula da shi, jaki kuma ba ya sauri. Keke ba ya cin komai, in aka zo rafi a saɓa shi a kafaɗa. Da shi ɗan koli zai taso daga Rurum ya ci kasuwar Rano, wani ya taso daga Tarai ya ci ta Kibiya, mai ƙarfin gwiwa kuma ya bi ta Bunkure ya shiga Kano ya saro kaya. Kamfanin Raleigh ya fahimci irin masu sayen nan nasa na Afirka, shi ya sa ya yi shahararriyar tallar nan ta mutumin da ya tsere wa zaki a kan keke. Mutanenmu dai ba zaki ke korarsu ba. Abin da suke nema shi ne abin da zai ɗauki buhun hatsi da mai shi, ya yi shekara ashirin bai karye ba.

Daga nan tarihin ya kasu zamani zamani, kowane zamani kuwa ya bar alamarsa a jikin ƙarfe. Akwai zamanin kekunan Ingila zalla: Raleigh da Rudge da Humber da Hercules da Phillips. Mai saye yana ganin kamfanoni ne masu gasa, alhali kuwa Raleigh ta saye Humber cikin 1932, ta saye Rudge cikin 1943, sa'an nan cikin 1960 kamfanin Tube Investments, mai Hercules da Phillips, ya saye Raleigh ɗin kanta, duka suka koma rumfa ɗaya. Sai zamanin harhaɗawa a gida, a Zariya da Kano, har Raleigh ta yi masana'antarta a Kano. Sai kuma shekarun da suka juya komai: farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975 suka karya manomi, a daidai lokacin da kuɗin Udoji ya cika aljihun ma'aikaci, shi kuwa ya tsallake keke ya hau babur. Cikin 1986 aka karya darajar naira, masana'antun Bompai da Sharaɗa da yawa suka durƙushe, kasuwa ta koma hannun Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya, waɗanda siffar keken Ingila suka kwaikwaya. Ita kanta Nottingham ta daina haɗa kekuna cikin 2002. Saboda haka duk keken Ingila na ainihi da za ku gani a Rano ko Kibiya yau, na kwance ne, kuma babu wani sabo da zai maye gurbinsa.

Yanzu sai mu zo kan karatun. A nan zan tona wa kaina asiri. Da na dawo daga karatu a ƙasar waje, na yi sha'awar irin keken da mahaifina ya yi koyarwa da shi a wani ƙauye na ƙasar Kibiya. Ranar kasuwa na ga wani baƙi wuluk yana sheƙi, ga tambarin tagulla a goshinsa, kan zalɓe da sunan Nottingham. Ban ko taya da kyau ba na biya. Na tura shi wajen wani dattijo mai gyara don ya ɗaure mini birki. Ya dube shi sau ɗaya, ya sa farce a ƙusoshin tambarin, ya ce, "Dakta, hular ta Ingila ce, amma mai hular ba can aka haife shi ba." Na ce, "Baba, ta yaya ka gane?" Ya ce in zauna. Abin da zan faɗa muku yanzu rabinsa daga bakinsa ne, rabi daga abin da na bincika daga baya, kuma ban sami inda suka saɓa ba.

Tambari shi ne shaidar da ta fi kowace rauni, domin ƙusa biyu ko uku ke riƙe da shi, kowa na iya cire shi ya manna wa wani. Fenti ma haka, kyan ɗan maciji ne. Wanda ya sani, ƙashin keken yake dubawa, watau firam. A keken Raleigh na da, kafaɗar ƙafar gaba, inda ta rabu biyu ta rungumi taya, bututu ne a gicciye, da 'yar hula mai ƙyalli a kowane gefe. Farantin da sarƙa ke hawa an huda shi da siffar kan zalɓe uku, na Rudge kuwa siffar tafin hannu. Sa'an nan a dubi mahaɗar bututu da bututu, inda aka zura ɗaya cikin ɗaya aka liƙe da narkakkiyar tagulla: a na ƙwarai bakin mahaɗar a tsaftace yake, a na kwaikwayo sai ka ga dunƙule da giɓi. Akwai lamba da aka buga a jikin ƙarfen, ko dai a ƙarƙashin sirdi, ko a ƙarƙashin gidan feda. Daga tsakiyar shekarun 1970, harafin farko na lambar yana nuna masana'anta, N tana nufin Nottingham. In kuwa aka yi sa'a keken mai giya uku ne na Sturmey-Archer, to, magana ta ƙare, gama a jikin cibiyar ƙafar baya ana buga shekara da wata. In ka ga 62 da 7, an yi ta a watan Yuli na 1962. Sai dai irin wannan ba su da yawa a ƙauyukanmu, kuma cibiyar shekarun kanta take faɗa, mai yiwuwa daga wani keken aka ciro ƙafar.

Akwai wata shaida da ba a gani da ido, ita ce ta fi burge ni. Tiredi, watau zanen da noti ke bi in ana ɗaurawa, na Raleigh ta Nottingham layi 26 ne a inci ɗaya, na yawancin sauran kamfanoni kuwa 24. Dattijon nan bai san adadin ba, amma hannunsa ya sani. Ya ce kayan wani keke ba sa shiga gidan fedar Raleigh sai da dole, in kuwa aka yi dolen, zanen ya cinye, daga nan feda ta dinga girgiɗi har abada. Kekuna masu kyau da yawa wannan ne ajalinsu bayan 1986, lokacin da kayan gyara na ainihi suka yi wuya.

Bayan an san asalinsa, sai a nemi lafiyarsa. A shafa ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuya zuwa gidan feda, daf da wuyan. In yatsa ya ji kumburi ko tattarewa, keken ya taɓa cin karo gaba da gaba, an miƙe shi ne. A tsaya daga gefe a ga ko ƙafar gaba ta ja da baya. A hau a saki hannu kaɗan, in yana fizga gefe ɗaya, ƙashinsa a karkace yake. A ƙwanƙwasa bututun ƙasa da ɗan ƙarfe, mai lafiya yana amsawa garau, wanda tsatsa ta ci ta ciki kuwa muryarsa a dushe take. A gwada ɗaga sandar sirdi, don wata ta shekara talatin ba ta motsa ba, ta zama ɗaya da firam. Walda a firam aibi ne babba. Amma taya da sarƙa da boris da feda, waɗannan ba abin fasa ciniki ba ne, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

In ɗan ratse kaɗan. Cikin kekunan kwancen Turai da ke shigowa ta Kwatano da Ikko, jefi jefi akan sami wani iri dabam, siriri mara nauyi, mai lanƙwasasshen hannu, wanda Turawa suka yi don doguwar tafiya ta yawon buɗe ido. In an ga 'yar takarda a jikinsa mai lamba 531, bututun Reynolds ne na Birmingham, wanda aka fara yi cikin 1935, masu tara tsofaffin kekuna a can suna nemansa ido rufe. Maganaɗisu zai faɗa maka ko ƙarfe ne ko alminiyam. A wajenmu dai ba shi da farin jini, don ba ya jure buhu.

Shi cinikin kansa yana da ƙa'idarsa tun zamanin doki da jaki. Ba a cinikin biri a sama, sai an gani an hau. Dillali yana karɓar la'ada ne don ya tsaya shaida cewa abin ba na sata ba ne, in kuma aibin da aka ɓoye ya bayyana, fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayarwa. Hukuma ma ta daɗe da sa ido. En'e tana karɓar kuɗin lasin keke, bayan gyaran 1976 aikin ya koma hannun ƙananan hukumomi, kuma tsarin mulkin 1999 ya lissafa lasin keke cikin ayyukansu. Na tuna keken mahaifina yana da 'yan kwanonin lasin nan a ɗaure, kowane da shekararsa, bai taɓa yarda a cire tsofaffin ba.

Wannan keken nasa, da na koma gida na same shi a jingine a bayan rumbu, na karanta shi yadda aka koya mini. Firam na Nottingham ne. Ƙafar gaba ta Indiya ce, sarƙa ta Sin. Kariyar baya wani maƙerin Rano ne ya ƙara mata rodi biyu don ta ɗauki kaya, sirdin kuwa baduku ya sake masa fata. Mai tara kayan tarihi a Ingila zai ce an ɓata shi. Ni kuwa a wurina kowane canji shekara ce da dalilinta: wannan lokacin da albashi ya yi jinkiri, wancan lokacin da kayan Ingila suka ɓace daga kanti.

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, malaman makaranta da akawuna da dama sun koma zaure da bayan ɗaki suna kakkaɓe kekunan iyayensu, su kuma 'yan gwangwan suna taya su da nauyin ƙarfe. Saboda haka ina da roƙo ga ɗaliban da suka fito daga Rano da Kibiya da Bunkure. In kun je hutu, ku nemi tsofaffin kekunan garinku, ku ɗauki hoton tambari da kafaɗar ƙafar gaba da farantin sarƙa, ku kwafi lambar firam da ta lasin in akwai. Sa'an nan ku zauna da mai shi, ku tambaye shi a wane kanti ko a hannun wa ya saya, a zamanin wane hakimi, buhu nawa na gyaɗa ya sayar kafin kuɗin su cika, da kasuwa mafi nisa da ya taɓa ci a kansa. Ku rubuta amsar da kalmominsa, kada ku gyara masa Hausa, ku kawo mana sashe.