Bakolori, 1980: Abin da Diyya Ba Ta Ƙirgawa

A ranar 28 ga Afrilu, 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanyoyin aikin madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talata Mafara, a tsohuwar Jihar Sakkwato. Ƙauyen Birnin Tudu ne abin ya fi shafa: an harbi mutane, an ƙona gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, amma adadin da ya fi yawo a rubuce-rubucen masu bincike shi ne 386. Manoman ba su ce kada a yi madatsa ba, domin a lokacin an riga an gama ta. Abin da suke nema shi ne a biya su abin da suka rasa. Rikicin ya taso ne daga saɓani a kan ma'anar wannan rashi, kuma saɓanin yana nan har yau duk inda hukuma ta sa ido a kan ƙasar da ke bakin ruwa.

Yadda ƙaramin aiki ya kumbura

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a gina madaidaiciyar madatsa a kan kogin Sakkwato, a riƙa faɗaɗa noman rani sannu a hankali, yadda ba za a rushe tsarin noman da mutane suka gada ba. Sai aka shiga shekarun fari na farkon 1970, kuɗin man fetur kuma ya cika baitulmali. Gwamnatin soja ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka ba kamfanin Impresit, wanda yake da alaƙa da Fiat na Italiya, aikin nazari da kuma aikin ginin. Wanda zai yi gini shi ne ya tsara girman abin da za a gina, don haka ba abin mamaki ba ne da aikin ya ninka.

An fara gini a 1974, aka kammala a 1978. Tafkin ya mamaye kimanin hekta 8,000, aka kuma yi niyyar shayar da hekta 30,000 na gonaki. A takarda, lissafin ya yi kyau: alkama da shinkafa, noma sau biyu a shekara. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne amfanin da kogin yake bayarwa tun kafin a zo da injiniya.

Rukuni uku na masu asara

Na farko su ne mutanen yankin Maradun da ruwan tafki ya ci gidajensu da gonakinsu, kimanin mutum 13,000. An tashe su daga fadama mai albarka aka zaunar da su a kan tudu, inda ƙasar ba ta kama ƙafar wadda suka bari ba.

Na biyu su ne manoman da gonakinsu suka faɗa cikin shirin ban ruwa. An karɓi ƙasarsu don a baje ta a haƙa magudanai, aka sare itatuwan gona, wasu suka yi damina biyu ko uku ba su yi shuka ba. Da aka zo mayar da gonakin, iyakokin da aka sani sun ɓace, rabon kuma ya zo da ƙorafi.

Na uku su ne mazauna ƙasan madatsar, waɗanda ba a taɓa gidajensu ba sam. Rayuwarsu ta dogara ne da ambaliyar kowace damina, wadda take jiƙa fadama ta bar laka. Da madatsa ta riƙe ruwan, dubban hekta na shinkafa da na lambun rani suka bushe, aka koma gero da dawa, masunta kuma suka ga kamu ya ragu. Waɗannan ba su shiga jerin masu karɓar diyya ba, tun da a idon hukuma ba a karɓi komai daga hannunsu ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Manoman sun fara ne da koke da aika wakilai, wasu suka je kotu. Bayan dawowar mulkin farar hula a Oktoban 1979, Gwamna Shehu Kangiwa ya yi musu alkawarin biyan haƙƙinsu. Da alkawari ya yi tsawo, sai suka tare hanyoyi suka tsayar da aikin kamfani. Amsar da suka samu ita ce ta 28 ga Afrilu.

Dokar da ke ƙarƙashin rikicin

Zai yi sauƙi a ɗora laifin duka a kan gwamna ɗaya ko kamfani ɗaya, amma tushen ya girme su. A 1910 Turawan mulkin mallaka suka shelanta cewa duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita a madadin jama'a. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba da wannan tsari, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris, 1978, ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya baki ɗaya. A ƙarƙashinta gwamna yana iya soke haƙƙin zama a kan fili saboda maslahar jama'a, diyyar da doka ta tanada kuma ta gini ce da shuka da sauran abin da aka aza a kan ƙasar, ba ta ƙasar kanta ba.

Wannan ma'auni yana ganin ɗaki da rumbu da bishiya. Ba ya ganin ambaliyar da ke ciyar da fadama, ko mashayar dabbobi, ko kifin da ke cikin ruwa. Ga mai zaune a bakin kogi kuwa, waɗannan su ne dukiyar.

Irin wannan iko ne ya haifar da gandayen daji. A Birnin Gwari, En'e ta keɓe dajin Kamuku a 1936, sannan a watan Mayun 1999 ya zama gandun daji na tarayya mai faɗin murabba'in kilomita 1,121, inda doka ta hana kiwo da farauta da saran itace. Manufar kare daji mai kyau ce. Sai dai makiyayin da ya rasa makiyaya da maharbin da ya rasa sana'a suna cikin sahun masuncin ƙasan Bakolori: asararsu ba ta da gurbi a takardar diyya.

A birni ma haka lamarin yake, sai dai farashin filin ya fi tsada. A Yulin 1990 gwamnatin Raji Rasaki ta ba mazauna Maroko, a gaɓar ruwan Legas, wa'adin kwana bakwai, ta tashi kimanin mutum 300,000. Wurin yanzu yana cikin unguwanni mafi tsada a ƙasar. Tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017 aka kori masunta sama da 30,000 daga Otodo Gbame. A Yunin 2017 Babbar Kotun Legas ta yanke cewa korar mutane ba tare da isasshiyar sanarwa da wurin sake zama ba ta saɓa wa tsarin mulki, ta umarci gwamnati ta zauna da su. Hukuncin ya zo bayan ƙauyen ya zama fili.

Abin da ya rage ga masu tsarawa

Darasin Bakolori ya shafi lokaci ne da ma'auni. Hukumar FAO ta faɗi hanyar da ta fi aminci tun 1969, aka bar ta. Manoman sun faɗi damuwarsu tun kafin su tare hanya, ba a saurare su ba sai da aiki ya tsaya. Daga ƙarshe ma hekta 23,000 aka iya shimfiɗa wa kayan ban ruwa, kuma yawancin na'urorin yayyafin da aka kafa sun daina aiki saboda tsadar gyara da ta wuta.

Tun bayan sulhun Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, manoma suna komawa gonakin da suka bari shekaru. Inda zaman lafiya ya dawo, masu zuba jari da manyan ayyuka suna biyo baya, kuma fadama da bakin rafi su ne wuraren da aka fara nuna wa yatsa. Injiniya ko lauya ko jami'in filaye da irin wannan fayil zai zo teburinsa yana da tambayoyi uku da ya kamata ya yi kafin a sa hannu: wa ke cin abinci daga wannan ruwa ko da ba shi da takarda, me zai faru da waɗanda ke ƙasan aikin, kuma an ji ta bakinsu tun zane yana iya canzawa ko kuwa sai bayan katafila ta iso? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a Bakolori masu ɗakin sun faɗa tun da wuri.